Kan Bawul a Motar Kawu Datti

Bunkure, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Zaharaddini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Mubaraka da yara, da fatan shago yana tafiya. Mu nan lafiya lau, sai tari da ya ɗan taɓa Inna Tambaya, shi ma ya yi sauƙi. Tumatir ya fara ja.

Na san Inna ta riga ta buga maka waya a kan abin da ya sami Kawu Datti, amma ita ba ta wurin, ni kuwa ina wurin. Shi ya sa na ce bari in rubuta in ba Haladu direba ya kai maka tare da kwandunan tumatir. A waya kai kake magana ni ina cewa to, kafin in haɗa abin da zan faɗa kwastoma ya shigo ka ce za ka kira.

Ranar Litinin da safe ina bakin babban kanal ina kwance injin ban-ruwan Malam Uba, wanda ya gaji Kawu a aikin buɗe ƙofar ruwa, sai na hango a-kori-kurar Kawu tafe a kan gaɓa, ya ɗauko irin albasa. Tafiyarsa ta kullum, ba gudu. Ya kauce wa ramin nan na kusa da gada tsaf. Sai na ji kira ya shigo ta lasifikar motar. Na ga hannunsa na dama ya bar sitiyari ya dangwali gilashin kwamfutar nan da ka sa masa da Sallah. Ba ta ɗauka ba. Ya sake. Ya lashi yatsa ya sake. Daga nan sai ya sunkuyar da kai yana kallonta, tayar gaba ta sauka daga gaɓa. Allah ya taimaka ƙasar wurin da laushi, motar ta kafe a karkace, hancinta yana leƙen ruwa. Muka ruga ni da Malam Uba. Ka san abin da Kawu ya fara cewa? "Ɗanbaba, duba min wa ya kira."

Yanzu mukulli yana hannun Inna, ta ce kai ka ce a karɓe. Ban ga laifinka ba, mahaifinka ne. Amma da ka ga yadda yake zama a ƙofar gida, da ka ji wani iri. Har yau in an yi rigimar rabon ruwa shi ake nema, ga shi ba halin ya je ya gani da idonsa. Jiya na gan shi a bayan acaɓa ya dafe hula, ɗan acaɓar yana ta shiga ramuka da shi. Kullum da safe sai ya wanke motar, alhali ba inda za ta.

Ga abin da na lura. Na sa yatsana a gilashin, ya ɗauka. Saliha ƙanwarka ta sa nata, ya ɗauka. Kawu ya sa, shiru. Na kama hannunsa na duba. Yaya, kan yatsunsa kamar bayan tsohuwar ƙwarya, ƙarfen ƙofar ruwa ya cinye su tun kafin a haife mu. Gilashin nan bai san su a matsayin yatsu ba. Ido kuwa, daga ƙofar gida yake karanta lambar keke napep a bakin titi. Ba idonsa ba ne, ba kuma kansa ba ne.

Na ce masa ko in cire kwamfutar gaba ɗaya. Ya ce, "Abin da yaro ya ɗauko tun daga Legas ya sa min da hannunsa?" Kuma gaskiya in injin yana aiki ba ya jin waya a aljihu, sai ta lasifika.

To ga shawarata. Tsohon rediyon motar da ya mutu yana da abin murɗawa, ban taɓa ganin Kawu ya kalle shi ba, hannunsa kawai yake zuwa. Ba za a iya yi wa kwamfutar irinsa ba? A murɗa murya ta ƙaru ko ta ragu, a danna a amsa kira. Ƙarfe da waya na iya, abin da yake cikin kwamfuta kuwa naka ne. Tun da tunanin nan ya zo min, ko abinci nake ci sai in ga ina murɗa cokali.

Ka gai da kowa.

Ƙaninka, Ɗanbaba


Legas, ranar Lahadi

Zuwa ga bawana Ɗanbaba,

Wa alaikumus salam. Mun ga Haladu, mun ga tumatir, Allah ya bar zumunci. Muna lafiya, ƙaramar ce ta yi zazzaɓin haƙori, ta warware. Mubaraka ta ce a gaishe ka, ta kuma ce wai rubutunka ya fi nawa kyau. Na ce mata ai dole, wanda ba shi da aikin yi sai zama a bakin kanal.

Na karanta takardarka sau biyu. Ba zan ɓoye maka ba, da na zo wurin "hancinta yana leƙen ruwa" sai da na ajiye ta na fita waje. Ni na sa masa abin nan, ina ganin gata na yi masa. Maganar yatsu gaskiya ce, muna ganin irinta a shago, masu aikin gini sukan kawo waya su ce gilashi ya mutu alhali hannunsu ne. Ban taɓa kawo Baba a ciki ba.

Amma ka sani, Taufiq mai injin shinkafa a Kura ya daɗe yana son motar don ɗaukar buhuna, kuma na fara yi masa magana. Na ce ya dakata. Dakatawa ce kawai, ban ce na fasa ba.

Buɗe ledar da Haladu zai ba ka. Akwai ɗan fanel, bai kai kwalin ashana ba, na riga na zuba masa abin da zai yi. Akwai kuma abin murɗawa da na ciro daga wani mataccen rediyon mota. Duba ƙasansa, za ka ga ƙafafu uku a gefe ɗaya, biyu a ɗaya gefen. A ukun nan, baƙar waya a tsakiya, koriya a dama, rawaya a hagu. Biyun can su ne na dannawa, farare za ka sa musu. Na zana maka komai a bayan takardar nan. In ka gama, soka wayar fanel ɗin a ramin filash da yake bayan kwamfutar. Dama ƙari, hagu ragi, dannawa amsa kira. Na gwada a nan ya yi.

Kada ka dafa min shi da dalma kamar kana like tiyon ruwa. Ka taɓa ka ɗaga.

Hula ba ni da ita, wato abin da za a kifa a kan sandar don hannu ya kama. Wannan ka nema, kai ne sarkin bola.

Mukulli kuwa yana wurin Inna har sai ita ta gamsu. Ni ina nesa, idonta shi ne nawa.

Ubangidanka, Zaharaddini


Bunkure, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Zaharaddini, mai kiran kansa ubangida,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙaramar ta ƙara samun lafiya. Nan kowa ƙalau, tarin Inna ya tafi. An fara dashen shinkafar rani a ɓangarenmu.

Yaya, ya yi. Wallahi ya yi.

Da farko na like ƙafa biyu wuri ɗaya, dalma ta zarce, ko motsi bai yi ba. Na zauna na kankare da reza a hankali na sake. Da na soka shi a bayan kwamfutar na murɗa sandar, sai na ga layin murya yana hawa a gilashi ba wanda ya taɓa shi. Saliha ta ce aljanu.

Hula ce ta ba ni wahala. Na sa marfin lemo, Kawu ya kama kamar mai tsintar ƙwayar shinkafa, yatsunsa sun yi masa girma. Na sa na tsohon risho, ya tsage. Ina cikin tona buhun tarkacena sai ga kan bawul, jan ƙarfen nan mai kamar ƙaramin sitiyari da ake murɗawa a bakin bututu. Ya cika tafin hannu daidai. Na kai wa Filibus mai walda. Ya juya shi ya ce, "In na kawo wuta kusa da ɗan abin nan naka, sai dai ka kwashi toka. Kuma nauyin ƙarfen zai karya masa wuya." Muka zauna a kan benci muna ta zane a ƙasa har almajiran... a'a, har masu jiran gyaran garma suka fara tsaki. Ƙarshe muka samo dabara. Ya yanka ƙarfe ya yi masa gida, muka sa boris na tsohon injin ban-ruwa ya ɗauki nauyin, sandar kuma muka kama ta da ɗan noti ta gefe. Ya bar masa ɗan wasa sama da ƙasa don a iya dannawa. Muka ɗaure shi kusa da giya, daidai inda hannun Kawu yake sauka in ya saki sitiyari. Na auna wurin ne da hannunsa, ba da nawa ba.

Gwaji kuwa sai da aka sha dariya. Kwamfuta ba ta kamawa sai an murɗa mukulli, Inna kuma ta ce ba ta bayarwa. Sai ta fito da kanta da mayafi, ta zura hannu ta taga ta murɗa, ta tsaya riƙe da shi. Kawu ya ce, "Tambaya, ko a ofishin 'yan sanda ana barin mutum ya zauna shi kaɗai." Ta ce, "Zauna mana, wa ya hana ka?"

Ya ɗora hannu a kan bawul ɗin. Yaya, fuskarsa. Ya shafa shi, ya juya nan ya juya can, ya ɗan yi ta lalube kafin ya samu. Da muryar rediyo ta taso sai ya rufe ido ya ce, "Ruwa ya zo. Ku shaida wa na ƙasa su shirya gonakinsu." Ya yi ta yi masa magana kamar yana bakin ƙofar ruwa. Saliha ta kira shi daga cikin gida, ya danna da tafin hannu, muryarta ta fito ras. Bai kalli gilashin ba ko sau ɗaya.

Inna ta yarda ranar Juma'a ya tuƙa zuwa Kura, za a yi ta'aziyyar wani tsohon abokin aikinsa, da sharaɗin ina gefensa. Ya sa an wanke masa babbar riga tun yau.

Zan rubuto maka yadda aka yi.

Ɗanbaba


Legas, ranar Alhamis

Ɗanbaba,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ina fatan kuna lafiya.

Ka ce za ka rubuto, ga shi Juma'a ta wuce, wata ma tana shirin shigowa, ban ga komai ba. A bakin Inna na ji. Ta ce kun iso wurin zaman makoki, mutane cike a kan tabarmi ana addu'a, Baba ya ƙure muryar rediyo har ƙarshe, ana tallar maganin basir, ya yi ta murɗawa yana ƙarawa har sai da ka zare waya. Ta ce mutane suna cewa tsufa ya fara taɓa Malam Datti. Kana gefensa, ka ga wannan, ka yi shiru?

Na koma na karanta takardarka ta baya. Kai da hannunka ka rubuta cewa ya rufe ido yana cewa ruwa ya zo, yana magana da ƙarfe kamar yana bakin aiki. Lokacin na yi dariya. Yanzu ban ga abin dariya ba. Mutumin da ya bar aiki tuntuni yana zaune a mota yana ba da umarnin a shirya gonaki, kai kuma murna ta rufe maka ido. Ka ce ba kansa ba ne. Ka tabbata, ko dai kana son abin da ka ƙera ya yi aiki ne?

Na ga kiranka, ban ɗauka ba don kada in faɗi abin da zan yi da-na-sani. Na yi magana da Taufiq. Zai zo ranar kasuwar Bunkure ta sama ya ɗauki motar. Wannan na ba wani direba ne, don an ce Haladu bai iso ba.

Zaharaddini


Bunkure, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Zaharaddini,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kuna lafiya da yara. Mu jiki lafiya. Zuciya ce dai.

Ban yi shiru ba. Washegarin abin na rubuta na ba Haladu, motarsa ta lalace a hanya kafin Lakwaja, tumatir ya ruɓe, ya juyo da takardata a aljihu tana warin kwando. Gara ma da ba ta iso ba, don lokacin ni ma ban gane komai ba.

Abin da Inna ta faɗa haka aka yi. Har Kura tuƙinsa ba aibu, kira biyu ya amsa idonsa a kan titi. Rediyo yana yi ƙasa-ƙasa. Da muka hango tabarmi sai ya kai hannu zai kashe, murya ta tashi. Ya ƙara murɗawa, ta ƙara tashi. Na ga gumi a wuyansa. Muka gaisa da mutane kansa a ƙasa. Da muka dawo, shi da kansa ya miƙa wa Inna mukulli, ba wanda ya tambaye shi. Ya ce min, "Ɗanbaba, ƙila gaskiyarsu ne." Wannan ya fi komai tsaya min. Ya daina wanke motar.

Amma abu ɗaya ya ƙi barina. Na ga hannunsa. Ba lalube yake ba, ba rawa yake ba. Dama ya murɗa, da ƙarfi, irin na wanda ya san abin da yake yi.

Da safe na je babbar ƙofar ruwa na tsaya ina kallon Malam Uba. Zai saki ruwa, ya kama sitiyarin ƙofar ya juya hagu. Da zai tsayar, dama. Na ce, "Malam, kullum haka ne?" Ya dube ni ya ce, "Kai da kake gyaran inji kake tambayata? Wane bawul ne ake rufewa ta hagu?" Sai na ji kamar an watsa min ruwan kanal ɗin.

Ban tsaya nan ba, don kada ka ce son abina ne. Na ari ƙaramin rediyon Filibus na kai wa Kawu, na ce ƙara min murya. Ya kama ɗan abin da yatsa biyu ya yi dama, daidai. Na ɗauko wani kan bawul daga buhuna na sa masa a hannu na ce ƙara min. Ya yi hagu, ko tunani bai yi ba. Na gwada Malam Uba, hagu. Na gwada manoma a majalisa, duk wanda ya taɓa ban-ruwa hagu yake yi. Ni ma da na rufe ido na manta da takardarka, hagu na yi.

Ka gani? In abin rediyo ne, hannunsa ya san rediyo ne. Ni na ɗauko kan bawul na ɗora, hannu ya ga bawul. A wurin makoki rufewa yake yi, mu muka haɗa shi a juye. Maganar "ruwa ya zo" kuwa tsokanar Inna yake, tana tsaye a taga tana harararsa. Laifina ne da ban rubuta cewa yana dariya ba.

Ƙaramar hula ba ta zama a yatsunsa, ka riga ka sani. Saura hanya ɗaya. Fanel ɗin nan naka, ana iya koya masa hagu ta zama ƙari? In sai an aiko maka shi, zan cire yau. Ka dai roƙar min Taufiq ya ƙara haƙuri.

Haladu ya gyara mota, ya yi rantsuwa wannan karon hannu da hannu.

Ƙaninka, Ɗanbaba


Legas, ranar Alhamis

Zuwa ga Ɗanbaba,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, Allah ya sa ku ma haka.

Ina gama karantawa na zagaya bayan shago wurin famfo, na kama na buɗe ina kallon hannuna. Maƙwabcina ya ce lafiya kake ɓarnar ruwa kana dariya kai kaɗai? Ni ɗan mai buɗe ƙofar ruwa, a gidan na girma, ban tuna ba.

Ba sai ka aiko komai ba. Koriya da rawaya, musanya su. Ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama, baƙar ka bar ta inda take. Shi ke nan, fanel ɗin zai ɗauka duniya ce ta juya.

Maganganun da na faɗa maka, ka bar su a kwandon Haladu su ruɓe. Tsoro ne. Na so in kira Baba in ba shi haƙuri, na kasa samun bakin farawa. Ka faɗa masa mu ne muka haɗa a juye, ka ce har da ni.

Na nemi Taufiq ban same shi ba, an ce ya tafi sayen shanshera, don haka ƙila ku gan shi ranar kasuwa. Ba zan ce masa na fasa ba sai Inna ta shiga gaban motar da kanta ta gani. Abin da ta yanke, shi ne.

Wanda har yanzu shi ne ubangidanka, Zaharaddini


Bunkure, ranar kasuwa, da la'asar

Zuwa ga Yaya Zaharaddini,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Mu nan lafiya, har da ƙari. A kan bencin Filibus nake rubutun nan, Haladu yana lodi yana cewa in yi sauri.

Musanya wayoyin bai ɗau lokacin shan shayi ba. Shawo kan Kawu ne aiki. Na ce ya zo ya gwada, ya ce, "Ka bar ni, na gama jin kunya a Kura." Na faɗa masa saƙonka, na ce ka ce har da kai. Sai ya ce, "Zaharaddini ne ya ce ya yi kuskure? Da bakinsa?" Na ce da biro dai. Ya ce to wannan ya isa a tashi a gani.

Ya zauna, Inna ta kunna. Na ce, "Kawu, buɗe." Murya ta taso. Na ce, "Rufe." Tsit. Ya sake da kansa, ya sake, a hankali, yadda ake sakin ruwa ga sabon dashe. Sai ya ce, ba da ni yake ba, "Ashe ba ni ba ne."

Yau da safe Taufiq ya iso da yaron motarsa... da direbansa nake nufi, ya tarar muna loda buhunan albasar Malam Uba. Inna ta ce masa, "Ɗan nan, ka biyo mu a baya, in mun isa kasuwa ka ji." Ta shiga gaba ta zauna a tsakiya, jaka a cinya, ni a bakin ƙofa. Ba ta faɗa mana ba ashe ta haɗa baki da Saliha, ta ce ta yi ta kira ba ƙaƙƙautawa.

Ka san mashigar kasuwa yadda take. Keke napep ta ko'ina, masu kura, ga wata motar shinkafa ta tsaya a karkace, ga shanu an koro. Nan kira ya shigo. Hannun Kawu ya sauka, ya danna, ya koma sitiyari. "Saliha, ina tuƙi, faɗi." Ta ce wai a sayo mata daddawa. Ya ce to, ya danna. Muna tsakiyar shanu ta sake kira, wai ta manta, da kanwa. A na uku ya ce, "Ke, ki gaya wa wadda ta sa ki, tana nan kusa da ni tana jin ki." Inna ta juyar da kai taga, kafaɗarta tana rawa. Ni ba titi nake kallo ba, idonsa nake kallo. Bai sauka ba ko sau ɗaya.

Da muka zo wucewa ta gaban masallacin kasuwa ana karatu, ba wanda ya ce masa komai, ya rufe rediyon tsit, muka wuce, ya buɗe kaɗan.

Ya tsaya a bakin rumfar masu kayan miya. Inna ta ce in sauka ta fita. Ta gyara mayafi, ta leƙa ta taga ta ce, "Malam, in ka sauke wa Malam Uba albasarsa a Kura, ka dawo ka ɗauke ni kafin la'asar. Kada ka shanya ni." Na kama ƙofa zan koma ciki, ta ce, "Kai kuma ina za ka? Zo ka riƙe min kwando."

Kawu ya dube ta, ya dube ni. Ya sa giya ya tafi shi kaɗai, muna jin rediyo yana tashi a hankali har ya sha kwana. Inna ta juya wurin Taufiq ta ce ya yi haƙuri, ya sha hanya a banza. Kafin la'asar kuwa sai ga shi ya dawo, har da daddawa da kanwa.

Na san halinka, za ka ce murna ta sa na ƙara gishiri, to ba ni kaɗai na gani ba. Inna tana ciki, kira ta. Taufiq yana biye da mu tun daga ƙofar gida, shi da ba shi da dalilin yi mana kara. Filibus yana bakin rumfarsa da gilashin walda a goshi lokacin da muka ratsa shanun. Malam Uba ya karɓi albasarsa a Kura daga hannun Kawu shi kaɗai. Haladu kuma ga shi zai tsaya a gabanka da takardar nan, motar shinkafar da ta tare hanya a bayanta yake, ya ga komai daga sama. Ka tambaye shi kafin ka buɗe kwando.

Ɗanbaba